KAFIN KA TAMBAYI KUƊIN KATIN HOTO, FARA TAMBAYAR WUTAR ƊAKINKA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri ya ajiye sai dare.

A makon nan kaɗai ƙannenmu uku suka same ni a kan magana ɗaya, biyu a bakin masallacin makaranta bayan la'asar, ɗaya kuma ta WhatsApp. Kowa ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya haɗa kwamfutar gem da hannunsa, kuma dukkansu tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, wane katin hoto zan saya?" Babu wanda ya tambaye ni wane akwatin wuta zai saya. Babu wanda ya faɗa min awa nawa ake samun wuta a inda yake kwana. Ni kuwa a nawa ra'ayin, ɗalibin da ke zaune a Najeriya, musamman mu da ke haya a wajen makaranta a nan Legas, daga wuta ya kamata ya fara lissafi. Katin hoto shi ne na kusa da ƙarshe. Na san wasu za su ce na juya abin a baibai, to ku bari in faɗi abin da ya same ni tukuna.

Ni ɗan Agege ne, Baba yana sana'ar albasa a Mile 12. Hutu biyu na yi ina bin sa kasuwa tun asuba, ina riƙe masa littafin lissafi, yana ɗan ba ni abin da ya sauwaƙa. Na haɗa da abin da nake samu a zanen fosta da katin biki, har kuɗin suka kai na haɗa kwamfuta. A lokacin na kalli bidiyon YouTube ya fi hamsin, duk na Turawa, kuma duk abu ɗaya suke nanatawa: ka zuba kusan rabin kuɗinka a katin hoto. Na bi maganarsu sau da ƙafa. Na sayi RX 580 mai 8GB na hannu, na sayi furosesa da madabod, da na zo kan akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak, sai na ga aljihu ya yi sanyi. Mai shagon ya miƙo min wani marar suna, an rubuta wat 600 a jikinsa, nauyinsa bai kai na burodin ɗari biyar ba. Ya ce, "Oga, wannan zai ɗauka." Ni ma zuciyata tana so ya ɗauka, sai na yarda.

Sati uku na yi ina jin daɗi. Ɗakina ya zama majalisa, har waɗanda ba ma gaisawa sosai sun san hanya. Wata rana da daddare aka ɗauke wuta, na manta ban kashe soket ba, can wajen ƙarfe biyu aka dawo da ita da ƙarfi. Ƙarar "fat!" ce ta tashe ni, sai warin ƙonewar roba. Da safe mai gyara ya tabbatar min akwatin wutar ya tafi, kuma bai tafi shi kaɗai ba, ya ja madabod da faifan ajiya. A cikin faifan nan akwai rahoton IT ɗina da na kusa kammalawa, ban ajiye kwafinsa a ko'ina ba. Kwana tara na yi ina sake rubuta shi a laftof ɗin aro. Abin da ya fi min ciwo kuwa ranar da Baba ya tambaye ni, "Ina na'urar nan taka da ka ce za ta taimaka maka a karatu?" Wallahi na rasa bakin magana. Garin neman gira na rasa ido.

Daga baya da na zauna na yi tunani, sai na gane Turawan nan ba ƙarya suka yi min ba. Da mutanensu suke magana. Wanda ke zaune inda wuta ba ta ƙiftawa, ba ta hawa ba ta sauka, yana da damar ya manta da ita. Mu kuwa wutar da ya kamata ta tsaya a wajen bolt 230 wani lokaci sai ta yi ƙasa har fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da ke fasa kwan fitila. Ga janareton mai gida da ake kunnawa da kashewa ba sanarwa. Duk wannan hawa da saukar akwatin wuta ne ke fara karɓarsa. In mai kyau ne, yana da kariyar da zai kashe kansa ya ceci sauran kayan. In na bogi ne, sai ya miƙa musu bala'in kai tsaye.

Saboda haka ga tsarin da nake ba duk wanda ya tambaye ni yanzu.

Abu na farko, ka ware kuɗin akwatin wuta mai suna, irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, wat 450 zuwa 550 ya ishi kwamfutar ɗalibi. Ka duba tambarin 80 Plus a jikinsa. Ma'anar tambarin ita ce aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, sauran ne ke zama zafi. Tambarin shi kaɗai ba ya nuna inganci, kuma ana buga na jabu, don haka ka ɗaga akwatin ka ji nauyinsa, ka sa lambar samfurinsa a Google ka ga ko kamfanin ya san da shi. Wannan shi ne ɓangare guda da nake cewa in da hali ka saya sabo a kwali. Komai na kwamfuta za ka iya sayen na hannu ka gwada a gaban mai shi, amma gajiyar akwatin wuta ba ta nunawa sai ranar da zai tafi da sauran.

Bayan shi sai abin da zai tsaya tsakanin bango da kwamfutar: sitabilaiza, da UPS in aljihu ya yarda. A nan ma akwai lissafi da mutane ba sa yi. UPS ɗin da aka rubuta 650VA a jikinsa, wat ɗin da yake iya ɗauka a zahiri bai wuce 360 zuwa 390 ba. RX 580 shi kaɗai yana jan wat 185, ka ƙara furosesa da allo da sauran tarkace, ka ga ka kai bakin iyaka. Ana ɗauke wuta kana tsakiyar wasa sai ya yi ƙara ya mutu tare da kwamfutar, kuɗinka sun tafi a banza. Kuma a sani, UPS ba don ka ci gaba da wasa aka yi shi ba. 'Yan mintuna yake ba ka ka adana aikinka ka kashe na'ura cikin mutunci.

Sai kuɗin wutar kanta. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit. Mu ɗauka kwamfutarka da allonta suna jan wat 300, kana wasa awa huɗu a rana. Yunit 1.2 ke nan, wato naira 270 a rana, sama da naira 8,000 a wata a kan wancan farashin. Wanda ke raba mita da maƙwabta ya san rigimar da wannan ke haifarwa. In kuwa da janareta ne, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Kwamfutar da ke jan wat 100 zuwa 150 kuwa ko ɗan ƙaramin inbata da batir ɗaya zai riƙe ta na wani lokaci. Shi ya sa idan mutum ya nuna min kati, kafin in tambayi ƙarfinsa nake tambayar wat nawa yake sha.

Abu na biyu, ka faɗa wa kanka gaskiya a kan gem ɗin da za ka buga. Yawancinmu ƙwallo ce: eFootball, wanda ya gaji PES a 2021 kuma kyauta ake sauke shi, ko EA Sports FC, wanda ya maye gurbin FIFA a 2023. Sai GTA V da ya zo kwamfuta tun 2015. Mafi ƙarancin abin da aka nema don FIFA 23 shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, da RAM 8GB. GTX 1050 Ti ɗin nan katin 2016 ne. To me zai sa ka ci bashi don katin da aka yi domin allon 4K, alhali allonka 1080p ne na hannu? Manyan gem na zamani kuma wasu sun haura 100GB. Ka lissafa kuɗin datar, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025. Masu son wasa ta intanet su ma su sani, yawancin sabobin suna Turai ko Afirka ta Kudu, jinkirin da ke sa a harbe ka kafin ka ga mutum daga nisa da netwok yake zuwa. Babu katin da ke maganinsa.

In ka gama waɗannan biyun, hanyoyi uku nake gani ga ɗalibi. Ba zan sa farashi ba, don tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin safe daban na yamma daban.

Hanya ta farko ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi. Ka sayi kwamfutar ofis ta tokunbo, irin Dell OptiPlex ko HP ProDesk, mai Core i5, ka ƙara mata RAM da SSD, ka sa mata katin da ba ya buƙatar wayar wuta ta daban, kamar GTX 1050 Ti ko GTX 1650, masu wat 75. Amma ka buɗe ido. Siraran cikinsu ba sa ɗaukar kati sai gajere, akwatin wutarsu ƙarami ne, kuma da yawa mahaɗinsa na kamfanin ne kaɗai, ba za ka cire ka sa wani kai tsaye ba. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 yake farawa. i5-4570 da i5-6500 da suka cika kasuwa duk suna ƙasa da haka. In bambancin kuɗin ba shi da yawa, ka nemi i5-8500.

Hanya ta biyu ita ce wadda na bi a karo na biyu, kuma ita nake fi ba mutane shawara. Ryzen 5 5600G, wanda ya fito a 2021, yana da ƙwayoyi shida, wat 65 yake sha, kuma yana da nasa sashen hoto a cikinsa, wato kwamfutar za ta tashi ta yi wasa ba tare da katin hoto ba. Ka haɗa shi da madabod B450 ko B550, amma in B450 ce ka tabbatar an sabunta BIOS ɗinta, in ba haka ba za ka kunna ka ga allo baƙi ƙirin ka zaci an cuce ka. eFootball da GTA V suna tafiya a kai in ka rage saiti. FC kuwa gaskiya yana wahala, kar in yaudare ka. Amfanin hanyar shi ne kana da na'urar karatu da aiki daga ranar farko, ramin katin yana nan yana jiranka har ka tara. Ni da na sayar da RX 580 ɗin nan, wanda cikin ikon Allah bai ƙone ba, na yi kusan shekara ba kati, daga baya na sa RX 6600. Ya fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wat 132 yake sha.

Hanya ta uku ta mai ɗan ƙarfi ce: Core i3-12100F ko Ryzen 5 5600, da kati irin GTX 1660 Super ko RX 6600 tun farko. Ka lura da harafin F a ƙarshen sunan Intel, yana nufin babu sashen hoto a ciki. Ryzen 5 3600 da 5600 marasa G su ma haka. Ranar da katinka ya samu matsala, ko takardar aikin gida ba za ka iya buɗewa ba.

Kowace hanya ka bi, abubuwa biyu kar ka yi wasa da su. RAM ka sayi 8GB guda biyu maimakon 16GB guda ɗaya, domin biyun suna aiki tare ta layi biyu, kuma a kan 5600G bambancin a fili yake tunda sashen hoton daga RAM yake ci. Sai SSD, ko da 512GB ne. Tsohon faifai mai juyawa ba ya son ɗaukewar wuta kwatsam, kuma shi ke sa kwamfuta mai kyau ta zama kamar ta kafe. Fitilu masu launi da gida mai gilashi kuwa, a bar su sai an fara albashi. Gidan da iska ke shiga ta fita ya fi maka amfani a zafin watan Maris, kuma in hunturu ya zo da ƙurarsa ka riƙa buɗewa kana hurewa.

Yanzu maganar kasuwa. Ko Computer Village ta Ikeja za ka, ko Alaba, ko Banex ga 'yan Abuja, kar ka je kai kaɗai, kuma kar ka tura wa kowa kuɗi a kan hoton da ka gani a intanet. Tun da Ethereum ta daina amfani da katin hoto wajen haƙa a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, mu ma namu kason ya iso. Ba duka ne marasa kyau ba, amma sai an gwada. Ka sa GPU-Z da FurMark da CrystalDiskInfo a filashinka. GPU-Z zai nuna maka ainihin katin, don akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna su koma GTX 1050 Ti, akwai kuma RX 580 mai 2048SP wanda a gaskiya ajin RX 570 ne. FurMark ka bar shi ya yi minti goma sha biyar kana kallon zafi, in allo ya fara ɗige-ɗige ko layi-layi ka ajiye musu kayansu. CrystalDiskInfo kuma zai faɗa maka awa nawa faifan ya yi yana aiki. Furosesan Ryzen na AM4 ka juya shi ka duba ƙafafunsa ko akwai wadda ta lanƙwashe, na Intel kuwa ƙafafun suna cikin soket ɗin madabod. A rubuta maka rasit da lambar kayan da kwanakin garanti. Mai shagon da ya ƙi a gwada a gabansa ya riga ya ba ka amsa.

Na san akwai masu ja da ni, kuma wasunsu suna da gaskiya. Wani abokina ya ce duk wannan wahalar ta mece ce, a sayi PS4 na hannu a huta. In ƙwallo ce kaɗai damuwarka, wallahi na yarda da shi, ya fi araha kuma ba ruwanka da BIOS. Amma PS4 ba zai buɗe maka AutoCAD ba, ba zai yi maka zane ko gyaran bidiyon da za ka samu na abinci ba. Wata 'yar ajinmu kuma ta ce laftof ya fi, tunda yana da batir kuma ana shiga lakca da shi. Ita ma ban musa mata ba. Duk wanda ba shi da laftof kwata-kwata, ya fara da shi, ya manta da rubutun nan sai baɗi. Matsalar laftof ɗin gem ita ce zafi, kuma katinsa a manne yake, ranar da ya tsufa ko ya mutu shi ke nan. Kwamfutar tebur kuwa ɗaya bayan ɗaya ake canza mata kaya, ni shaida ne.

Sai masu cewa gem ɓata lokaci ne, ɗalibi ba shi da haɗi da shi. Ba zan ce ba su da hujja ba, na ga wanda ya maimaita kwas saboda gasar ƙwallon dare. Amma na kuma ga abin da haɗa kwamfuta ya koya min. Yau in na'urar wani ta ƙi tashi a gidanmu ni ake kira, kuma ana ba ni na sabulu. Inda nake tsayawa tare da su shi ne maganar kuɗi. Kar ka taɓa kuɗin makaranta. Kar ka ce wa Hajiya littafi za ka saya. Naira 20,000 ɗin da NELFUND ke bayarwa duk wata na ɗawainiya bashi ne, za ka fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ba kuɗin katin hoto ba ne. In abin da ka tara da guminka bai kai akwatin wuta mai kyau da sitabilaiza ba, to bai kai kwamfuta ba tukuna, ka ƙara haƙuri zango ɗaya.

Kwamfutata ta biyu ta shiga shekara ta biyu yanzu. An ɗauke wuta an dawo da ita ban san adadi ba, UPS ya yi kukansa, ni kuma in kashe in kwanta. Rahotona yana wuri uku: SSD, filashi da Google Drive. Baba ya zo ɗakina sau ɗaya, na nuna masa fostar da na yi wa wani mai shago a kanta, ya kalli fankar tana juyawa ya ce, "Wannan dai ba za ta ƙone ba ko?" Na ce in sha Allahu, Baba.

Ƙannena uku da kuka tambaye ni, ku turo min abu uku kafin Asabar: awa nawa kuke samun wuta, wane gem kuke so, da nawa ne a hannunku wanda ba na makaranta ba. In Allah ya kai mu sai mu shiga Ikeja tare, amma kowa ya riƙe kuɗin motarsa.

Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya sa albarka a abin da muke nema.